Ranar da Kawu ya kaini gidan yari a Ankara

Biki ne ya kaini Ghana ba yawon buɗe ido ba, jikar kawuna aka aurar a unguwar Nima ta Ankara, kuma da yake Hajiyarmu ciwon ƙafa ya hanata doguwar tafiya sai akace ni zan wakilci gida. Daga Kano na sauka Legas, daga Legas muka bi ta Seme, Kwatano, Lome, muka shiga ta Aflao, boda uku a yini ɗaya, labarin bodar nan kuwa ku barshi sai wata rana don in na fara yanzu bazamu isa inda zamu ba.

In kunji nace Ankara ba ta Turkiyya nake nufi ba, Accra ce, haka Hausawan can suke kiranta tun kaka da kakanni. Hausarsu ma abin sha'awa ce, babu ruwanta da mace ko namiji, sai kaji mutum yace maka matata ya tafi kasuwa, ranar farko ina ta danne dariya, kafin sati ya zagayo nima na fara.

Wanda nake cewa Kawu ɗan wan kakana ne, wato shi da Hajiyarmu 'yan maza zar suke. A 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta bawa baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasar, kakana ya kwaso iyalinsa ya dawo Kano, shi kuma wansa ya zauna saboda yana aikin gwamnati. Iyakar abinda na sani kenan, aikin gwamnati, ban taɓa tambayar wane aiki bane. Kawu yanzu ya doshi tamanin amma in yana tafiya sai ka ɗaga ƙafa kafin ka kamoshi.

Bayan an kai amarya an watse, ranar wata Talata da safe muna shan koko da ƙosai yace "ɗan Kano, ka zo Ankara zaka koma baka ga teku ba? Tashi." Muka hau tro-tro, ƙaramar bas ɗinsu kenan, muka sauka cikin gari muka kama titin High Street a ƙafa, titin da ya bi gaɓar teku ya miƙe har Jamestown.

Farko muka tsaya a kabarin Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko. Wurin tsohon filin folo ne na Turawa, nan ya tsaya daren 6 ga Maris 1957 sanye da rigar saƙi irin ta mutanen arewacin Ghana ya shelanta 'yancin kai. An gina hubbaren a 1992, aka sake gyarashi aka buɗe a 2023, kuma gaskiya an kashe kuɗi, marmara ko'ina, ruwa na feshi, ciyawa a aske, 'yan makaranta a layi, matarsa Fathia 'yar Masar tana kwance kusa dashi. A gefe akwai mutum-mutuminsa da aka sare wa kai lokacin juyin mulkin 1966, sun tsayar da gangar jikin sun ajiye kan a gefenta. Na ɗau hotuna na tura status, Kawu ko kallon wayar baiyi ba, cewa yayi wannan ai inda ya kwanta ne bayan ya mutu, muje ka ga inda ya kwanta da ransa.

Tafiyar bata da nisa amma garin yana canjawa a idonka, bankuna da ofisoshi su ƙare, sai tsofaffin benaye na katako da kwano masu tsatsa, warin kifi da hayaƙin banda, yara na buga ƙwallo a tsakiyar titi, bango duk zane-zane na masu bikin Chale Wote da aka fara a unguwar tun 2011. Unguwar Gawa ce, 'yan ƙabilar Ga masu garin na asali.

Ginin farko da muka tarar shine Ussher Fort. Mutanen Holan ne suka ginashi a 1649, sunansa na farko Crèvecoeur, kalmar Faransanci ce mai nufin abinda ke fasa zuciya, kai kace sun san me za'ayi a ciki. Ba gidan yari bane a lokacin, sansani ne mai ganuwa da igwa a kai, sojan kamfani na gadi, ana sayen zinari ana sayen mutane. Abinda ya ɗaure min kai shine kusancinsu. Ingila ta gina nata, James Fort, a 1673, tsakaninsu bai fi tafiyar minti goma ba, can gabas kuma a Osu ga na Denmak, Christiansborg, wanda ya zama fadar gwamnatin Ghana har zuwa 2013. Ƙasashe uku sun jeru a bakin ruwa ɗaya kamar masu shago a Kwari, kowa da igwarsa, kowa na zawarcin fatake iri ɗaya. A 1862 girgizar ƙasa ta lalata na Holan ɗin, a 1868 Ingila da Holan sukayi musayar sansanoni ya faɗo hannun Ingilishi, suka raɗa masa sunan jami'insu Herbert Ussher, suka sake gini, daga baya suka maidashi kurkuku. Hikimar a fili take, ginin da akayi don kada na waje ya shigo, juya makulli kawai zakayi ya zama wanda na ciki bazai fita ba. Haka ya zauna gidan yari har 1993, wato Turawa sun tafi da shekara 36 ana ci gaba da kulle mutane a ciki.

Yanzu hukumar gidajen tarihi ta Ghana ke riƙe dashi, yana kuma cikin sansanonin gaɓar Ghana da UNESCO ta saka a jerin kayan tarihin duniya a 1979. A 2007 aka gyara wani ɓangare da kuɗin Tarayyar Turai aka buɗe ɗan gidan tarihi na cinikin bayi. Muka biya 'yan sidi, kuɗin Ghana kenan, muka shiga. Ɗakunan da aka gyara tsaf suke, an shafa fenti, ga mari da sarƙoƙi, ga zane-zanen yadda ake jera mutane a cikin jirgi kamar an shirya itace, ga hotunan waɗanda sukayi yaƙi da cinikin. Amma kana fitowa tsakar gidan ka waiga hagu sai kaga asalin gidan yarin, dogayen gine-gine masu ƙananan tagogi da sandunan ƙarfe, fenti ya ɓare, ciyawa ta tsiro a tsagar bango, wani wurin rufin ya rufta. Kamar mutum ne ya wanke fuska ya shafa mai ya bar sauran jikin.

Kawu bai ce komai ba a nan, hannunsa a baya yana bin bayana. Ni ne ma nake ta surutu, don kusa da wurin akwai kasuwa da ake kira Salaga, sunan garin nan na ƙasar Gwanja da kakanninmu suke zuwa fataucin goro, wanda kuma kowa ya san ba goro kaɗai ake sayarwa a kasuwarsa ba. Nace Kawu ashe dai muna cikin labarin nan. Yace "wane ɓangaren?" Nayi shiru don tambayar tafi ƙarfina. Akwai namu a cikin waɗanda aka sayar, har Bahia ta Birazil an san Hausawa da tayar da ƙayar baya. Akwai namu a cikin masu sayarwa. Sannan da Bature ya tashi neman soja, Hausawa Kyaftin Glover ya kwaso daga Legas zuwa yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, da yawansu ma bayi ne da suka gudo, daga nan Hausa ta zama harshen bariki a ƙasar, har taken rundunar sojan ya zama Kullum Shiri. A wani lungu nan kusa kuma akwai Brazil House, gidan Tabom, 'yantattun bayi da suka dawo daga Birazil a 1836, cikinsu akwai musulmi. Duk a cikin unguwar da zaka zagaye kafin shayi ya huce.

Daga nan muka ƙarasa James Fort, dab da hasumiyar nan mai ja da fari da ke haska wa jiragen ruwa hanya. In Ussher ya wanke fuska, to wannan ko alwala baiyi ba. Bangon waje dogo ne fari da ya koma ruwan toka, ƙofa ta ƙarfe, iskar teku mai gishiri ta cinye duk abinda ake kira ƙarfe a gidan. Kamfanin Royal African Company ne ya ginashi, sunan kuwa na James ne ƙanin sarkin Ingila na lokacin, shine shugaban kamfanin kafin shima ya hau sarauta, kamfanin da ake yiwa bayinsa lalas da ƙarfe mai zafi don a gane kayan waye. Shima daga baya aka maidashi gidan yari, kuma bai daina aiki ba sai 2008. Ku duba shekarar nan da kyau, 2008, lokacin muna da waya a hannu muna kallon ƙwallon Turai, akwai mutane kwance a ginin da akayi tun 1673, yawancinsu ma masu jiran shari'a ne ba'a yanke musu hukunci ba.

A bakin ƙofar ne Kawu ya tsaya cak. Na ɗauka gajiya ce nace Kawu ko ku zauna in shiga in fito? Bai amsa ba, ya nuna wani ɗan dakali gefen ƙofar da sandarsa yace "nan nake ajiye kwanon." Nace wane kwano? Yace na Baba. Ashe aikin gwamnatin da ake faɗa mana, gandiroba ne, a gidan nan. Kawu yana yaro shi ake aikowa da tuwon rana daga Zango, ya ƙwanƙwasa, a buɗe 'yar taga, ya faɗi sunan babansa, ya ajiye ya koma gefe ya jira kwano. Yace shekara da shekaru yana wannan aiken bai taɓa tsallake ƙofar ba, Baba ya hana, ya kuma hana a tambayeshi abinda ke ciki, in ya dawo gida sai yayi wanka ya canja kaya kafin ya taɓa kowa. Bayan an rufe gidan ma Kawu ya wuce ta nan ba adadi bai shiga ba. Nace to yau fa? Yace "yau ina da baƙo, ai ba'a bar baƙo ya shiga shi kaɗai ba."

Wani matashi Ga ne ya zagaya damu, yana bayani da Turanci ina juyawa Kawu duk da yafi ni jin Turancin, inaga so yake ya ji da bakin gida. Ciki tsakar gida ce ta siminti duk ta farfashe, ɗakuna a jere, ƙofofi wasu sun cire suna jingine, zafi kamar an rufe tukunya, ga ƙarar teku kana ji ta bayan bango amma baka ganinta, wannan abin ya tsaya min a rai, mutum ya shekara yana jin ruwa yana jin hayaniyar masunta bai ga ko ɗaya ba. A bangon ɗakunan akwai rubuce-rubucen waɗanda suka zauna, addu'o'i, sunaye, layi-layi na ƙirgen kwana. Akwai ɓangaren mata daban. Wani benen yaron yace kada mu hau don katakon ya ruɓe.

Sai ya kaimu ɗakin da kowa ke zuwa dominsa, inda aka tsare Nkrumah. Labarin kam ya cancanci a zo. A Janairun 1950 jam'iyyarsa ta CPP ta kira yajin aiki da ƙauracewa kayan Turawa, aka kamashi aka ɗaure shekara uku. Ba'a bashi wani ɗaki na manya ba, cikin sauran fursunoni aka jefashi, da bokiti ɗaya a lungu na biyan buƙata. Daga nan yake rubuta umarni a jikin takardar banɗaki ana fitar dashi a ɓoye zuwa ga Komla Gbedemah wanda ke tafiyar da jam'iyya a waje. Da zaɓen Fabrairun 1951 yazo, yana kulle ya tsaya takara a mazaɓar tsakiyar Ankara ya samu ƙuri'a 22,780 cikin 23,122, jam'iyyarsa ta kwashe kujeru 34 cikin 38 da aka yi takara. Gwamna Arden-Clarke ya duba ya ga ba makawa, ranar 12 ga Fabrairu aka buɗe ƙofar nan da Kawu ke ajiye kwano, Nkrumah ya fito jama'a suka ɗaukeshi, washegari gwamnan da ya ɗaureshi ya kirashi Christiansborg yace ya kafa gwamnati. Waɗanda suka sha ɗauri a jam'iyyar har hula suke sawa mai harafin PG, wai sun gama jami'ar kurkuku, ɗauri ya zama abin ado.

Ni dai ina son Nkrumah tun a makaranta, amma ba'a faɗin rabin magana. Mutumin da ya ɗanɗani bokitin nan, shine a 1958 gwamnatinsa ta kawo dokar da za'a iya tsare mutum har shekara biyar ba shari'a, kuma J. B. Danquah, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyar da ta gayyatoshi ya dawo gida a 1947, a tsare ya mutu a gidan yarin Nsawam a 1965. Yaron bai kawo wannan ba sai da na tambaya, yayi murmushi yace wannan kuma ya danganta da jam'iyyar wanda ka tambaya.

Shi kuwa Kawu ba Nkrumah ne ya dameshi ba. Tambaya ɗaya yayi, ina gandirobobi suke zama su ci abinci? Yaron ya ɗan daburce, ya nuna wani ɗaki kusa da ƙofa yace ofis ne. Kawu ya leƙa, babu komai sai karyayyen tebur da kashin jemage, ya daɗe a tsaye, ni kuma na koma gefe na ƙyaleshi. Ban ga laifin yaron ba, abinda aka koya masa kenan, kuma abinda baƙi ke biya su ji kenan, bayi da Nkrumah. Baƙaƙen Amurka suna zuwa neman ƙofar da aka fita da kakanninsu, 'yan boko irina muna zuwa neman ɗakin shugaba. Amma shekarun da ke tsakani da na bayansu fa, ɓarawon akuya, wanda aka kama a rigimar unguwa aka manta da fayil ɗinsa, matar da ta haihu a ciki, gandiroban da ke wanka kafin ya taɓa 'ya'yansa, su ne suka fi kowa daɗewa a gidan kuma ban ga allo ko ɗaya da ya ambacesu ba. Abinda suka bari shine rubutun bangon nan, ranar da aka samu kuɗin gyara kuma ina tsoron abu na farko da ɗan kwangila zaiyi shine ya bi bangon da fenti.

Shi yasa na rasa me zan roƙa musu, a gyara ko a bari. In an bari gishiri zai gama dashi, wannan ba sai an kira injiniya ba, da ido kake gani. In an gyara irin gyaran da muka saba, tayil da fenti da fitila mai launi, to an binne shi da kyau kenan. Na tuna ana maganar maida gidan yarin Kurmawa namu na Kano gidan tarihi a kwashe fursunoni zuwa Janguza, na faɗawa Kawu, yace to ku dai ku samu tsofaffin ma'aikatan da waɗanda suka kwana a ciki ku naɗi muryarsu tun suna da rai, gini baya magana.

Da muka fito na biya aka barni na hau hasumiyar, Kawu yace shi da matakala sun raba gari. Daga sama komai a tafin hannu, rufin James Fort da ramukansa, Ussher can gaba, sannan ƙasa a bakin ruwa ga sabuwar tashar masunta da ƙasar Chaina ta bada kuɗin ginawa aka buɗe a 2024, siminti sabo fil, da katangar tare igiyar ruwa da wurin ajiye kifi. Kafin a ginata sai da aka rushe bukkoki da rumfunan mutanen da ke zaune a bakin ruwan, har yanzu in ka taɓo zancen a unguwar zaka ji baki biyu. Kuɗin gyara dai ya iso Jamestown, ya tsaya taku kaɗan daga bangon gidan yarin.

Da yake Talata ce 'yan ƙabilar Ga basa shiga teku, al'adarsu ce, kwalekwale duk suna kan yashi da tutoci kala-kala, maza na zaune a inuwa suna ɗinkin koma. Na sauko na tarar Kawu ya samu benci wajen wata mai dokunu, tuwon masarar nan nasu, ya saya mana da soyayyen kifi da shito, yajin nan nasu baƙi mai sa hawaye. Muna ci yana kallon ƙofar gidan yarin, can yace ashe tsakar gidan ƙarama ce, shi duk tsawon shekarun nan yana zaton wani ƙaton fili ne a ciki.

Nace Kawu in na koma in faɗawa Hajiya aikin da Baba yayi? Ya suɗe yatsa yace "ta sani mana, ita ma ai ta taɓa rakoni kawo kwanon." Sannan ya miƙa min ledar ruwa yace in yi sauri mu samu la'asar a Zango.